Darasi na Bakwai: Haɗurran Mota a Nijeriya da Yadda Za Mu Kare Rai a Titin Wudil

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Karanta alƙaluman haɗurra na ƙasa, ya faɗi abin da suke nunawa.
2. Bayyana abubuwan da ke jawo haɗari, da waɗanda ke sa haɗari ya ci rai.
3. Sanin abin da ya hau kansa a matsayin direba, ɗan acaɓa, fasinja ko mai tafiya a ƙasa.
4. Sanin taimakon da zai bayar idan haɗari ya auku a gabansa.

Gabatarwa

Garin Wudil a bakin babbar hanya yake zaune. Motar da ta taso daga Kano za ta Dutse, Azare, Potiskum, Damaturu ko Maiduguri sai ta hau gadar Wudil. Haka ma mai zuwa Birnin Kudu da Bauchi. Ranar Juma'a kuwa, da kasuwa ta ci, titin sai ya zama na kowa: tireloli masu jiran lodin shanu a kara, a-kori-kura cike da buhuna, adaidaita sahu, 'yan acaɓa, masu tura kura, 'yan talla da faranti a ka, ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, da makiyayi yana kora dabbobinsa zai tsallaka.

Wannan titi arziki ne ga mutanen Wudil. Ta kansa ake kawo haja, ta kansa ake kai mara lafiya asibiti, ta kansa ake sada zumunci. Ta kansa ne kuma gidaje da yawa suka yi rashin da ba su manta ba. Idan an je gaisuwa akan ce, "Kwana ne ya ƙare." Gaskiya ne kowane rai yana da ajalinsa. Amma malamanmu sun koyar da mu cewa tawakkali tare yake tafiya da riƙo da sababi, kuma wanda ya jawo asarar rai ta hanyar sakaci yana da alhaki a wuyansa. Haɗarin mota yana da sababi da ake iya gani, a ƙirga, a kuma rage. Abin da wannan darasi zai nuna ke nan.

Abin da alƙaluman ƙasa ke nunawa

Hukumar da ke tattara lissafin haɗurra a Nijeriya ita ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda muke kiran jami'anta 'yan rodi sefti. An kafa ta a shekarar 1988, lokacin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ga abin da ta rubuta na shekaru huɗu a jere:

- 2021: haɗurra 13,027, mutum 6,205 suka rasu.
- 2022: haɗurra 13,656, mutum 6,456 suka rasu.
- 2023: haɗurra 10,617, mutum 5,081 suka rasu.
- 2024: haɗurra 9,570, mutum 5,421 suka rasu.

Mu karanta lissafin nan a tsanake. Abu na farko, idan aka raba 5,421 gida 365, za a samu kusan mutum 15 a kowace rana. Wato kullum ta Allah, ƙasar nan tana binne kusan cikin bas guda na mutane saboda titi. Ban da waɗanda suka jikkata, da suka haura 30,000 a shekarar 2024 kaɗai. A cikinsu akwai wanda ya rasa ƙafa, da wanda ya kwanta ba zai sake tashi da kansa ba, iyalinsa suka sayar da gona wajen jinya.

Abu na biyu shi ne mafi muhimmanci. Daga 2023 zuwa 2024 yawan haɗurra ya ragu da sama da 1,000, amma yawan mamata ya ƙaru da 340. A shekarun 2021 zuwa 2023, duk haɗari 100 yakan ci rai kusan 48. A 2024 ya kai kusan 57. Haɗurran sun yi ƙasa, amma kowanne ya fi na da muni. Don haka tambayar da ya kamata mu yi biyu ce: me ke jawo haɗari, kuma me ke sa haɗari guda ya kwashi rayuka da yawa?

Abu na uku, wannan lissafi na haɗurran da labarinsu ya isa hukuma ne. Wanda babur ya kaɗe a hanyar ƙauye aka binne shi kafin la'asar, da wanda ya cika a gida bayan mako biyu da sallamo shi daga asibiti, sau da yawa ba sa shiga littafi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum kusan 40,000 ne suka mutu a titunan Nijeriya, alhali abin da aka rubuta a hukumance bai wuce 5,053 ba.

Matsayinmu a duniya

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗurran hanya a faɗin duniya a shekarar 2021. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan ba a cikin mota suke ba: masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur.

Afirka ce ta fi kowace nahiya jin jiki. Motocinta kusan kashi 3 ne cikin 100 na motocin duniya, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan nata ne. A cikin kowane mutum 100,000, Afirka tana rasa kimanin 19 a shekara. Ƙasar Suwidin, wadda ta fi mu yawan motoci idan aka kwatanta da yawan jama'a, tana rasa kimanin 2. Majalisar dokokinta ta amince da wani tsari a 1997, wanda ya ginu a kan cewa ɗan Adam dole ya yi kuskure, saboda haka a gina titi yadda kuskuren ba zai zama ajali ba: shinge a tsakiyar hanya, rage gudu a cikin gari, da wurin tsallakawa na musamman. Wannan ya nuna cewa yawan mota ba shi ke kawo yawan gawa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da burin ya shafa.

Gudun wuce sa'a

A rahotannin Hukumar Kiyaye Haɗurra, gudu shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke jawo haɗari. Dokar hanya ta ƙayyade kilomita 50 a awa ga ƙananan motoci a cikin gari. A babbar hanya mai hannu biyu, motar gida ba za ta wuce 100 ba, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. Tun watan Fabrairun 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu.

Me ya sa gudu ke kisa? Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin idon direba ya ga yaro ya faɗo titi, ƙwaƙwalwa ta ba ƙafa umarni, ƙafa ta taka birki, motar ta riga ta ci wannan tazara ko fiye. Bayan an taka birkin ma ba nan take take tsayawa ba. Idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da mota ke ja kafin ta tsaya takan ninku sau huɗu, ƙarfin karo ma haka. Ga mai tafiya a ƙasa, bambancin kaɗan ne ke raba karaya da mutuwa: wanda mota ta buge tana gudun 65 ya fi wanda ta buge tana gudun 50 shiga haɗarin mutuwa sau huɗu da rabi.

Mu yi lissafin ribar gudu. Tsakanin Wudil da Kano kimanin kilomita 40 ne. Mai tafiya a kan 80 zai isa cikin minti 30. Mai tafiya a kan 120 zai isa cikin minti 20. Minti 10 ke nan ya samu, kuma cunkoson Mariri zai iya cinye su. A madadinsu ya ɗauki ƙarfin karo fiye da ninki biyu, da ransa da na duk wanda ke bayansa. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.

A lura kuma da wani abu. Tun da aka faɗaɗa hanyar Kano zuwa Maiduguri ta zama tagwaye, aikin da aka bayar da kwangilarsa a 2006, karon gaba da gaba ya samu sauƙi a wuraren da aka raba hannu. Sai dai titi mai santsi yana kiran ƙafar direba, kuma tsoho ko yaron da zai tsallaka yanzu layi huɗu ne a gabansa. Sannan akwai masu bin hannun da ba nasu ba don gudun zagaye. Direban da ke kan hannunsa bai sa ran ganin kowa a gabansa ba, shi ya sa irin wannan karo ba ya barin mai ba da labari.

Lodi fiye da ƙima

Wannan shi ne babban abin da ke sa haɗari guda ya ci rai da yawa. Ku tsaya a tasha ku duba: mutum biyu a kujerar gaba, wani lokaci har da wanda ya raba kujera da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya har bayan motar ya kusa taɓa ƙasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, direba yana neman ya fitar da kuɗin mai da na balas, fasinja yana neman sauƙi. Matsin gaskiya ne. Amma mota mai nauyi ba ta jin birki da wuri, tayarta tana saurin yin zafi, kuma a kwana takan rinjayi sitiyari.

Mafi muni shi ne hawa saman tirela. Bayan an loda shanu a kara, sai a ga matasa jere a kan katakon sama, wasu a kan buhuna, za su yi tafiyar kwana biyu zuwa Kudu. Babu abin riƙewa, babu abin kariya. Ranar da tirelar ta kife, dabbobi da kaya a kan mutane suke sauka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta haramta haɗa mutane da dabbobi da kaya a mota ɗaya, kuma tana kama masu yi. Iyaye da shugabannin kara sun fi ta kusa da waɗannan matasa, maganarsu ta fi shiga.

Kwasar mai idan tanka ta faɗi

Daren 15 ga Oktoban 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano ta kife a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasar fetur. Wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, da yawansu matasa. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairun 2025, irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko a Jihar Neja, mutum fiye da 80 suka salwanta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce mutum 411 ne suka mutu wajen kwasar mai a 2024. Ku cire 411 daga 5,421, za ku samu 5,010, ƙasa da adadin 2023. Wato da ba a kusanci tankokin da suka faɗi ba, da mace-macen shekarar raguwa suka yi. Tankoki suna ratsa Wudil dare da rana, saboda haka wannan darasi namu ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana malala cikin kwata inda ido ba ya gani. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi: bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ko a tayar da babur, ko a kunna janareta. Idan tanka ta faɗi, a yi nesa da ita sosai, a bi ɓangaren da iska ke tasowa, a janye yara, a kira hukuma.

Gajiya, ƙwaya, waya da taya

Direban da ya kwana yana tuƙi barci yakan sace shi na daƙiƙa biyu ko uku idonsa a buɗe. Gadagi da tiramol ba sa maganin gajiya, ɓoye ta suke yi, su kuma ƙara wa mutum ƙarfin halin da bai dace ba. Maganin barci shi ne a faka a kwanta. Ranar 31 ga Mayun 2025, bas ɗin da ta kwaso tawagar 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Dakatsalle, kan hanyar Zariya, mutum fiye da 20 suka rasu. Sun yi doguwar tafiya, saura ƙiris su iso gida. Ƙarshen tafiya yana buƙatar kulawa kamar farkonta.

Mai amsa waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu. Wanda ya sunkuya daƙiƙa uku yana duba saƙo a gudun 100, ya yi tafiyar da ta kusa tsawon filin ƙwallo ba tare da ya ga hanya ba.

Taya kuma tana da shekaru. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Idan kun ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana ɗaukar tayar da ta shekara huɗu da yi a matsayin wadda wa'adinta ya cika, ko da zanenta bai goge ba. Tsohuwar taya 'yar gwanjo, ga lodi, ga zafin kwalta na watan Afrilu, ita ce ke fashewa. A sa mai faci ya gwada iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Lokacin hazo da ruwan sama kuwa a rage gudu, a kunna fitila, a ƙara tazara.

Bel da hular kwano

Waɗannan biyu ba sa hana haɗari, amma suna hana shi zama ajali. Ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. An fara tilasta shi a Nijeriya a 2003, hular kwano kuma a 2009. Raunin ka shi ne ke kashe mafi yawan masu babur, kuma hula mai kyau da aka ɗaure igiyarta a haɓa tana rage raunin ƙwaƙwalwa ƙwarai. Hular da aka rataye a kan madubi ba ta kare kowa. Kada a ba yaron da bai kai shekara 18 ba babur ko mota, domin doka ba ta ba shi lasisi ba. Mata kuma su tattara mayafi da hijabi kafin su hau babur, kada ƙafar baya ta naɗe su.

Fasinja ma yana da baki

Sau da yawa mutum goma sha takwas suna zaune a bas, kowa ya ga direba yana ganganci, kowa ya yi shiru yana salati a zuci. Wani ma zuga shi yake yi saboda yana sauri. Ran da ke cikin motar naku ne, kuna da haƙƙin magana. Yadda za a yi maganar shi ne abin koyo. Ga misali:

Fasinja: Malam direba, sannu da ƙoƙari. Don Allah a ɗan sassauta, akwai yara da tsofaffi a motar.

Direba: Hajiya, so nake in juyo kafin magariba.

Fasinja: Allah ya ba da sa'a, ɗana. Mu dai mu isa lafiya, kai ma iyalinka suna jiran ka.

Wani fasinja: Gaskiya Hajiya ta faɗa, Malam. Mun yarda mu makara.

Ku lura ba a zage shi ba, kuma da mutum na biyu ya sa baki maganar ta yi nauyi. Idan ya ƙi ji, a sauka a gari na gaba, a kai ƙararsa wurin shugabannin tasha. Shi ya sa shiga mota a tasha ya fi tsaron ta a bakin hanya, domin a tasha an san direba, an san motarsa.

Mai tafiya a ƙasa ya bi gefen da yake fuskantar motoci masu zuwa. Da dare ya sa tufafi masu haske. A riƙe hannun yaro wajen tsallakawa, kada a ɓullo ta gaban tirelar da ke tsaye. Masu kasa kaya su ja baya daga kwalta. Jama'ar gari kuma, ta hannun masu unguwanni da kansiloli, su riƙa neman hukuma ta sa alamomi, fitilu da wurin tsallakawa kusa da makarantu da kasuwa, ta kuma samar wa tireloli wurin fakawa.

Idan haɗari ya auku a gabanku

1. Ku fara tsare wurin. A sa alama nesa ta kowane ɓangare, kada wata motar ta afka wa masu taimako. A kashe injin, a hana shan taba.
2. Ku kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. Kiran kyauta ne. Ku faɗi wurin da kyau da yawan waɗanda abin ya shafa.
3. Kada a fizgo mai rauni. Idan dole a ɗaga shi, mutum uku ko huɗu su ɗauka tare, kai da wuya da baya a miƙe. Ɗaukar gaggawa takan mayar da karayar baya shanyewar jiki.
4. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, kada a saki.
5. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, zai iya shaƙe shi.
6. A kai shi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Wudil. Daga nan likitoci za su tura shi Asibitin Murtala, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala idan da buƙata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.
7. Kada a tsaya ɗaukar hoto. A suturta mamaci, a adana kayan mutane amana.

Taƙaitawa

Lissafin hukuma ya nuna Nijeriya tana rasa mutum 5,000 zuwa 6,500 a shekara a kan titi, kuma ainihin adadin ya fi haka nesa. Gudu, gajiya, waya da lalatacciyar taya su ne ke jawo haɗari. Lodi, rashin bel da hula, kwasar mai da ɗaukar ganganci su ne ke ƙara yawan gawa. Gyaran titi da hukunta masu laifi aikin gwamnati ne. Sauran kuwa a hannunmu suke, kuma yawancinsu ba sa buƙatar ko sisi.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa?
2. Mutum nawa suka ƙaru a lissafin mamata tsakanin 2023 da 2024?
3. Me ya sa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fi lissafin hukuma yawa?
4. Taya mai lamba 1020, a wane mako da wace shekara aka yi ta?
5. Kawo abubuwa uku da ba a yi wa wanda ya ji rauni a haɗari.

Aikin aji da na gida

1. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya direba ɗaya fasinja, ku gwada yadda za a roƙi direba ya rage gudu cikin mutunci.
2. Kowa ya duba tayar babur ko motar gidansu, ya rubuto lambobi huɗun da ya gani.
3. Ku zaɓi wuri ɗaya a garinku da haɗari ya fi aukuwa. Ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa ta layi goma, ku bayyana matsalar da gyaran da kuke nema.